Kafin hadari ya haɗo: wajibcin sanin abin da ruwan sama zai kwaso daga ramukan ma'adinai

Duk ɗalibin da ya zauna gaban malami ya ɗauki karatun fiƙihu ya san cewa da babin tsarki ake farawa, shi kuwa babin tsarki da ruwa yake farawa. An koya mana tun muna yara cewa siffofi uku ake dubawa ga ruwa: launi, da ɗanɗano, da ƙamshi. Idan babu wadda ta sauya saboda wani abu da ya faɗa cikinsa, ruwan yana nan a kan asalinsa, a yi alwala da shi, a yi wanka. Malaman Malikiyya ma sun ƙara da cewa ruwan da ƙasar mazauninsa ta sauya shi, kamar taɓo ko gishiri ko wani ma'adini, bai fita daga tsarkinsa ba. Wannan hukunci daidai yake a muhallinsa, kuma rahama ce ga al'ummar da ba kullum take samun ruwa garai-garai ba. Sai dai tambayar da hukuncin yake amsawa ita ce ko ibada ta inganta da ruwan. Akwai wata tambayar daban da ta rage a wuyanmu: shin ruwan nan zai cutar da yaron da ya sha shi? Ruwa yana iya zama mai tsarki mai tsarkakewa, fari tas, babu wari babu ɗaci, alhali yana ɗauke da dalmar da za ta dakushe ƙwaƙwalwar yaro har ƙarshen rayuwarsa.

Ra'ayina a wannan rubutu shi ne: duk inda ake haƙar ma'adinai kusa da rafi ko ƙorama ko tafkin da mutane ke amfani da shi, wajibi ne a yi lissafin gubar da ruwan sama zai kwaso daga wurin tun kafin damina ta faɗi, a kuma sanar da mutanen da ke ƙasan ruwan abin da lissafin ya nuna. Yin hakan yana cikin iyawarmu, barinsa kuwa sakaci ne da za a tambaye mu a kansa.

Mu fara da yadda gubar take tafiya. Ma'adinai irin su dalma da tutiya da tagulla da asenik da kadmiyom sun daɗe a kulle cikin duwatsu a ƙarƙashin ƙasa, inda iska da ruwa ba sa kai musu sosai. Mai haƙa yakan fito da dutsen sarari, ya farfasa shi, ya niƙa shi ya zama gari, ya wanke ya ɗebe ɗan zinaren da ke ciki, sauran kuma ya tsibe shi a gefe. Dutsen da aka mayar gari ya fi dunƙulallen dutse saurin sakin abin da ke cikinsa nesa ba kusa ba, domin ko'ina a jikinsa ruwa yana taɓawa. Waɗannan tsibi-tsibin ƙasa su ne za su kwashe watanni shida ko bakwai na rani suna shan rana da iska, suna ruɓewa a hankali.

A wurare da yawa akwai wani dutse mai ƙyalli kamar zinare, wanda ya ƙunshi baƙin ƙarfe da farar wuta, masana suna kiransa fayirait. Idan ya haɗu da iska da danshi sai ya haifar da asid irin na ruwan batir. Wannan ruwa mai tsami shi ke narkar da sauran ƙarafan da ke cikin tsibin, ya mayar da su abin da ido ba ya gani. Lokacin rani, danshin yakan bushe ya bar gishirin ƙarafan a saman tsibi kamar yadda kanwa take fitowa a saman ƙasa. Da zarar ruwan farko ya sauka, sai ya wanke duk abin da ya taru a watannin nan a lokaci ɗaya, ya gangara da shi zuwa rafin da bai riga ya cika ba. Saboda haka ruwan farkon damina, wanda manomi ke murna da shi, shi ne sau da yawa mafi haɗari ga wanda ke sha daga ƙoramar da ke ƙasan ramin haƙa.

Gubar tana tafiya ta hanya biyu. Wani kaso yana narkewa cikin ruwa. Wani kason kuma, musamman dalma, yakan manne wa ƙananan ƙwayoyin laka ya bi jan ruwan nan da muke gani bayan an ɗauke ruwa. Inda gudun ruwa ya ragu sai lakar ta kwanta: a gindin tafki, a bakin rafi, a fadamar da ake noman shinkafa da kayan lambu. Idan rani ya dawo ta bushe ta zama ƙura, yara su yi wasa a kanta, magina su ɗebe ta su yi tubali. Idan wata damina ta zo, ambaliya ta sake tayar da ita ta kai ta gaba. Ƙarfe ba ya ruɓewa kamar shara, ba ya mutuwa kamar ƙwayar cuta. Tafasa ruwa ba ta kawar da dalma, hasali ma ruwan ne ke raguwa ya bar dalmar a tukunya.

Domin mai karatu ya gane ƙanƙantar abin da ake magana a kai, Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya ma'aunin dalma a ruwan sha a kan maikirogiram 10 cikin kowace lita, asenik shi ma 10, kadmiyom kuwa 3. Maikirogiram shi ne kashi ɗaya cikin miliyan na giram. Ma'ana, giram ɗaya tak na dalma, idan ya narke, ya isa ya kai lita 100,000 na ruwa bakin wannan iyaka. Hukumar ta kuma bayyana cewa babu wani adadin dalma a jinin ɗan Adam da aka san ba ya cutarwa.

Mu a arewacin Nijeriya ba labari aka ba mu ba. A watan Maris na 2010 ƙungiyar likitocin nan ta MSF ta gano yara suna mutuwa da yawa a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum a Jihar Zamfara, irin su Dareta da Abare da 'Yargalma da Bagega. Yara aƙalla 400 suka rasu, dubbai suka kamu. Dutsen zinaren yankin cike yake da dalma, ana kuma niƙa shi a cikin gidaje. A wasu wurare an auna dalmar da ta haura kashi 100,000 cikin miliyan na ƙasa, a lokacin da ma'aunin Amurka na ƙasar da yara ke wasa a kai yake 400. A 2015 abin ya sake faruwa a ƙaramar hukumar Rafi ta Jihar Neja, inda yara 28 suka rasu. Gaskiya ne cewa a waɗannan wurare ƙura da ƙasar tsakar gida su ne babbar hanyar da gubar ta bi ta shiga cikin yara. Amma kududdufai da tafkunan da aka riƙa wanke dutsen a bakinsu su ma sun gurɓata, kuma an kwashe ƙasar gidaje ne, ba a kwashe ta daji da ta bakin kowane rami ba. Abin da ya rage a can yana jiran ruwan sama, ruwan yankin kuwa ta Gulbin Zamfara da Gulbin Ka yake bi ya shiga Gulbin Sakkwato, daga nan ya faɗa Kwara.

Abin da ruwa ke yi a hankali an gan shi a Japan. Shekaru da dama kadmiyom daga mahaƙar Kamiyoka yana bin Kogin Jinzu yana shiga gonakin shinkafar lardin Toyama. Mutane suka ci shinkafar, suka sha ruwan, ƙodarsu ta lalace, ƙasusuwansu suka yi laushi suna karyewa, mafi yawansu mata masu shekaru. Sunan da aka ba cutar, itai-itai, daga kukan zafin da masu ita ke yi aka samo shi. Sai a 1968 gwamnatin ƙasar ta amince a hukumance cewa gubar mahaƙar ce sanadi. A Ghana ma, haƙar zinaren da ake kira galamse ta dagula kogunan Pra da Ankobra da Ofin da Birim, har a 2024 kamfanin ruwan ƙasar ya sanar da cewa dagulewar ruwan da ke isa wata matatarsa a kan Kogin Pra ta kai ma'auni 14,000, alhali an gina ta ne don ruwan da bai wuce 2,000 ba.

To, yaya ake yin hasashen? Tambayoyi huɗu ne ginshiƙinsa, kuma babu wadda ta fi ƙarfin ɗalibin jami'a mai himma. Ta farko: ruwa nawa zai sauka, kuma nawa ne zai gangara? Milimita ɗaya ta ruwan sama a kan hekta ɗaya lita 10,000 ce. Ƙasar da ke da ciyawa da itatuwa takan shanye mafi yawa, wadda aka ƙwaƙule aka tattake kuwa takan tura mafi yawa gaba. Ta biyu: me ke cikin tsibin ƙasar? Akwai na'urar hannu da ake ɗora wa ƙasa ta faɗi yawan dalmar da ke ciki cikin ɗan lokaci, irinta aka yi aiki da ita a Zamfara. A ɗakin gwaji kuma ana auna ƙarfin dutse na haifar da asid, a gwada shi da ƙarfinsa na kashe asid ɗin, domin dutsen da ke da farar ƙasa a jikinsa yana rage tsamin. Ta uku: laka nawa za ta zaizaye? Wannan ya danganta da ƙarfin ruwan, da irin ƙasar, da tsawon gangare da tsayuwarsa, da abin da ya rufe ƙasar, kuma masana aikin gona sun daɗe da tsara lissafinsa. Ta huɗu: ruwa nawa ke cikin rafin da zai karɓi wannan kaya?

Ga misali na lissafi kawai, don a ga yadda abin yake. A ɗauka an yi ruwa na milimita 50 a kan filin haƙa mai faɗin hekta ɗaya. Lita 500,000 ke nan. A ɗauka kashi 60 cikin ɗari ya gangara, wato lita 300,000, kuma kowace lita tana ɗauke da maikirogiram 200 na dalma. Jimilla giram 60. Idan a farkon damina ne, rafin ya kawo lita 2,700,000 na ruwa mai kyau a wannan lokaci, to haɗuwarsu lita 3,000,000 ce, kowace lita da maikirogiram 20, ninki biyu na iyakar da aka sanya. Idan a watan Agusta ne, rafin ya ninka haka sau goma, adadin zai sauka zuwa wajen 2. Ruwan sama ɗaya, fili ɗaya, amma hukuncin ya bambanta saboda lokaci. Idan kuwa filayen haƙa goma ne a jere a kan rafi ɗaya, sai a ninka kayan sau goma, a ga cewa ko cikar Agusta ba ta isa ta wanke laifin ba. Manhajojin kwamfuta da masana ke amfani da su suna yin wannan lissafin ne dalla-dalla, sa'a bayan sa'a, tare da taswirar gangaren ƙasa daga tauraron ɗan Adam.

Wani zai ce wannan ai shiga gaibu ne, wa ya san abin da gobe za ta haifar? Amsa ita ce akwai bambanci bayyananne tsakanin mai duba da mai lissafi. Mai duba yana da'awar sanin abin da ke ɓoye ba tare da wani sababi da hankali zai bi ba. Mai lissafi kuwa yana bin sunnar da Allah Ya ɗora halitta a kanta: ruwa gangare yake bi, asid yana narkar da ƙarfe, abin da aka zuba a sama ƙasa yake sauka. Ba ya cewa tabbas ranar kaza za a yi ruwa, cewa yake idan aka yi ruwa kaza, ga abin da zai biyo baya bisa rinjayen zato. Rinjayen zato kuwa da shi ake gina hukunce-hukunce masu yawa a fiƙihu, da shi likita ke ba mara lafiya izinin ajiye azumi. Annabi Yusuf, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ya tsara ajiyar hatsi don shekarun fari tun ana cikin shekarun yalwa. Sayyidina Umar, Allah Ya ƙara masa yarda, ya juya da tawagarsa daga hanyar Sham da ya sami labarin annoba, bai kuma ɗauki hakan a matsayin saɓa wa ƙaddara ba. Mu kanmu mun saba da hasashen damina da hukumar NiMet ke fitarwa kowace shekara, da na ambaliya da hukumar kula da ruwaye ta ƙasa ke fitarwa. Abin da ya rage shi ne a haɗa waɗannan da taswirar ramukan haƙa.

Wani kuma zai ce hasashe yana kuskure. Haka ne, yana yi. Tsibin ƙasa ba iri ɗaya ba ne daga wannan gefe zuwa wancan, ruwan sama yakan sauka a wannan ƙauye ya tsallake na kusa da shi, na'urorin auna ruwa kuma sun yi ƙaranci a karkararmu. Maganin wannan shi ne a riƙa ɗiban ruwan rafi lokacin da ake ruwan da bayansa, a gwada da abin da lissafi ya faɗa, a gyara lissafin. Wanda ya ɗebi ruwa sau ɗaya a tsakiyar rani ya ce rafi lafiya lau yake, ya auna rafin ne a ranar da ba ya ɗauke da komai. Kuma kurakuran biyu ba nauyinsu ɗaya ba. Idan lissafi ya tsoratar fiye da kima, asarar ita ce an haƙa ramin tare laka da ba a buƙata. Idan aka ƙi yin lissafin gaba ɗaya, asarar tana kan ƙwaƙwalwar yara, wadda ba ta dawowa.

Hujja mafi nauyi ita ce ta talauci. Mai haƙar zinare a ƙauye ba don sha'awa yake shiga rami ba, noma ne bai riƙe shi ba. Hana shi aikin baki ɗaya an gwada: gwamnatin tarayya ta haramta haƙar ma'adinai a Zamfara a 2019 saboda matsalar tsaro, ta ɗage haramcin a ƙarshen 2024, kuma kowa ya san haƙar ba ta tsaya ba a tsakanin. Abin da haramci kan yi shi ne ya kori aikin zuwa inda ido ba ya kaiwa. Amfanin hasashe a nan shi ne yana nuna inda ya kamata a kashe ɗan abin da ake da shi. Ba kowane rami ne yake da haɗari iri ɗaya ba. Idan an san guda biyar da suka fi zuba guba a rafi, sai a fara da su. Matakan kuwa da yawansu aikin fatanya da shebur ne: a yi lambatu a saman filin don ruwan tudu ya kewaye tsibin, a janye tsibin daga bakin rafi, a rufe shi da yumɓu da ƙasa mai kyau a dasa ciyawa, a haƙa rami a ƙasan filin inda laka za ta kwanta kafin ruwa ya wuce, a zuba farar ƙasa inda ruwan ya yi tsami, a daina wanke dutse a tafkin da ake sha.

Nauyin yana kan wa? Shari'a ta hana yin bawali a ruwan da ba ya gudu, ta kuma yi gargaɗi mai tsanani ga mai biyan buƙatarsa a mashayar mutane. Idan wannan ne hukuncin ƙazantar da rana da kwanaki ke kawarwa, ina ga gubar da za ta shekara aru-aru a gindin tafki? Malamai sun tabbatar da ƙa'idar cewa cuta kawar da ita ake yi, kuma tunkuɗe ɓarna yana gaba da jawo amfani. Sun yi bayanin hurumin rijiya da na kogi, wato filin da ke kewaye da su wanda ba a yarda a yi abin da zai cutar da ruwan a cikinsa ba. Sun kuma ɗora lamuni a kan wanda ya zama sanadin asara ta hanyar sakaci, ko da ba da hannunsa ya yi ta kai-tsaye ba. Cikin abubuwa biyar da shari'a ta zo don karewa, dalma tana taɓa rai, tana taɓa hankali, tana taɓa zuriya tun daga cikin mahaifa, tana kashe dabbobin da suke dukiyar makiyayi. Mashhurin ra'ayin Malikiyya shi ne al'amarin ma'adinai yana hannun shugaba, yana sarrafa shi don maslahar jama'a. Tsarin mulkin Nijeriya na 1999 shi ma ya damƙa ma'adinai ga gwamnatin tarayya, ga dokar ma'adinai ta 2007, ga dokar tantance illar ayyuka ga muhalli ta 1992, ga hukumar NESREA. Wanda ya karɓi ikon bayar da lasisi ya karɓi amanar mutanen da ke ƙasan rafi tare da shi. Dillalin da ke sayen zinaren, da attajirin da ya sayi injin niƙa, da mai unguwar da ya ba da fili, kowannensu yana da kasonsa gwargwadon saninsa da ikonsa.

Saboda haka ina kira da kada a bayar da lasisi ko a sabunta shi sai da lissafin abin da ruwan sama zai kwaso daga filin, kuma a fassara sakamakon da Hausa a karanta shi a gaban hakimi da limamai da matan gari kafin watan Mayu. Jami'o'inmu na Sakkwato da Gusau da Zariya da Kano da Minna suna da sassan kimiyyar ƙasa da sinadarai da injiniyan ruwa. Ɗalibin da ke neman abin da zai rubuta kundin kammala karatu a kai, ga rafin garinsu nan yana jiran wanda zai auna shi daga ruwan farko zuwa na ƙarshe. Ilimin da al'umma ba ta iya rayuwa sai da shi farilla ce ta kifaya, idan babu mai yinsa kowa ya shiga laifi.

Magidanta da iyaye mata da ke zaune kusa da wuraren haƙa su ma akwai abin da ke hannunsu tun yau. A guji ɗiban ruwan sha daga rafin da ke ƙasan ramuka, musamman a makonnin farko na damina da kuma bayan kowane ruwa mai ƙarfi. Idan babu makawa, a bar shi ya kwanta, a sa alif, a tace, tare da sanin cewa wannan yana rage lakar ne kawai, ba ya cire abin da ya narke. A nemi a gwada ruwan rijiya da na burtsatse. Kada a bar yara su yi wanka ko wasa a kududdufin da aka taɓa wanke dutse, kada a ɗebi lakarsa don yaɓe ko tubali, kada a shigo da dutse ko kayan aikin haƙa cikin gida. Yaron da aka ga yana yawan kasala ko ciwon ciki ko jijjiga a irin waɗannan garuruwa, a gaggauta kai shi asibiti a ambaci dalma da baki. Limamai kuma su ware huɗuba guda a ƙarshen rani don wannan magana, domin babu wata kafa da ke kai saƙo kowane gida a ƙauye kamar mumbari.

Allah Ya ba shugabanninmu ikon riƙe wannan amana, Ya sa daminarmu ta zama ta albarka, Ya tsare zuriyarmu daga cutar da muke gani da wadda ba mu gani.